Numfashin Maginan Rijiya a Ƙasar Kurfai

Ƙasar Kurfai ta Nijar ba ta da kogi mai gudu, amma garuruwanta sun jeru a kan tsohuwar hanyar kogi. Dallol Boso, kwarin da ya gangaro daga Azawak ya ratsa Filinge da Bonkuku har ya tarar da kogin Kwara, ya daina gudana tun shekaru dubbai, ruwansa ya koma ƙarƙashin rairayi. A cikin kwarin mita kaɗan za a tona a cim ma ruwa; a kan tudu kuwa sai an yi gomman mitoci. Shi ya sa zaman Kurfayawa da garkunan makiyaya ya rataya a wuyan maginan rijiya, mutanen da ake ɗaura wa igiya a ƙugu su sauka da guntun magini, su ci gaba da tono bayan ruwa ya tsattsafo, wani lokaci su dulmiya kai ƙarƙashinsa don yashe laka ko ciro wasakin da ƙugiya ta kasa kamawa. An saba danganta aikinsu da ƙarfin ƙirji ko asiri. A ganina gwanintarsu ta ainihi ita ce rarrabe haɗari biyu masu kama da juna: rashin samun damar shaƙar iska, da shaƙar iskar da ba ta da amfani.

Na farkon horo yana maganinsa. Abin da ke matsa wa mai kurme ya fito shi ne taruwar iskar kabon a jini, kuma jiki yana iya sabawa da wannan ƙunci. Haka gwanayen ninƙaya ke daɗewa, haka masu gasar nutso a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934. To, in horo yana ƙara juriya, me zai hana ya ceci magini a gindin rijiya mai zurfi? Amsar ita ce mai nutso a kogin Matan Fada na Argungu yana cika huhunsa da iska mai oksijin kashi 21 cikin ɗari, ya fito ya tarar da irinta. A rijiyar da ta daɗe a rufe, ruɓar ciyayi da itace tana cinye oksijin, iskar kabon mai nauyi ta kwanta a ƙasa. Mutum yana numfashi, ƙirjinsa na hawa yana sauka, amma ƙwaƙwalwa ba ta samun rabonta. Jiri ne, sai suma. Juriyar da ke taimakon mai kurme a nan cutarwa take yi, domin tana sa shi raina gargaɗin farko. Saboda haka dabarar da magina a ƙasashe da dama suka gada, ta zura fitila a ga ko za ta mutu, da kaɗa iskar ramin kafin a sauka, da ajiye mutum a baki riƙe da igiya, ta fi kowane ƙarfin ƙirji daraja.

Wani zai ce wannan zance ya zama tarihi. Gaskiya ne hukumar OFEDES, da gwamnatin Nijar ta kafa a 1963, ta yaɗa rijiyoyin siminti, kuma bayan farin 1973 da na 1984 an yawaita fanfunan burtsatse. Sai dai siminti rufta kawai ya rage, bai gyara iskar rami ba, rijiyoyin shayar da dabbobi da na lambuna kuma har yau hannu ke yashe su. Abin da ya fi damuna shi ne injin ban-ruwa mai shan fetur da ake saukarwa cikin rijiya don tsotse ruwa kafin yasa. Hayaƙinsa na ɗauke da wata iska mai guba marar wari, wadda ke manne wa jini fiye da oksijin sau ɗari biyu, kuma ba ta kashe fitila. Gwajin da aka gada ba ya gano ta. Wanda ya ga ɗan'uwansa ya sulale ya bi shi babu igiya, shi ma yakan kwanta kusa da shi, shi ya sa ake ciro gawa biyu ko uku daga rijiya ɗaya.