«Sholay»: tarihin fim ɗin da yaran jiya suka haddace

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Amma akwai tunanin baya mai amfani, muddin aka haɗa shi da bincike. A Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, idan magidanta masu shekaru arba'in zuwa sittin suka zauna hirar dare aka taɓo zancen silima, da wuya a watse ba a ambaci «Sholay» ba. Wani zai tuna abokai biyu bisa babur mai kwando a gefe, wani ya tuna dattijo mai mayafi da ke ɓoye rashin hannuwansa, wani kuma ya kwaikwayi dariyar Gabbar Singh, shugaban ƴan fashi. Akasarinsu ba su jin ko kalma goma ta harshen Hindi. Daga ina wannan fim ya fito, kuma me ya sa ya samu gindin zama a zukatan yaran ƙasar Hausa?

Asalin fim ɗin

An fara nuna «Sholay», wato garwashin wuta, a birnin Bombai ranar 15 ga Agusta 1975, ranar bikin ƴancin kan Indiya. Ramesh Sippy ne ya ba da umarni, mahaifinsa G. P. Sippy ya zuba kuɗi, Salim Khan da Javed Akhtar suka rubuta labarin, R. D. Burman kuma ya tsara kiɗan. An soma ɗauka a 1973 a tsakanin duwatsun Ramanagara, kusa da Bangalor, inda aka gina ƙauye sukutum domin aikin, aka raɗa masa suna Ramgarh.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Thakur Baldev Singh tsohon jami'in ƴan sanda ne da ya taɓa kama Gabbar. Gabbar ya tsere daga kurkuku, ya hallaka iyalin Thakur, sannan ya sare masa hannu biyu. Sai Thakur ya yi hayar wasu ƙananan ɓarayi biyu da ya taɓa ganin jaruntakarsu, Veeru da Jai, wato Dharmendra da Amitabh Bachchan, domin su kamo masa Gabbar da ransa. A ƙauyen, Veeru ya kamu da son Basanti, mai keken doki kuma uwar surutu, Jai kuwa hankalinsa ya karkata ga Radha, surukar Thakur wadda mijinta ke cikin waɗanda aka kashe.

Wannan labari yana da saiwa biyu. Ta farko tana cikin tarihin Indiya. Kwazazzaban kogin Chambal sun daɗe suna zaman maɓoyar ƴan fashi, har an yi wani ɗan fashi na gaske mai suna Gabbar Singh a shekarun 1950, kuma a 1972, shekara uku kafin fitowar fim ɗin, ɗaruruwan ƴan fashin yankin suka ajiye makamai ta hannun Jayaprakash Narayan. Saiwa ta biyu aro ce. Zancen ƙauyen manoma da ya yi hayar mayaƙa don kare kansa ya fito a fim ɗin Akira Kurosawa na Japan, «Samurai Bakwai», a 1954. Amurkawa suka mayar da shi na kaboyi a 1960, ɗan Italiya Sergio Leone ya ƙara wa finafinan kaboyi salon dogon shiru da ƙura da kallon-kallo, sannan Indiyawa suka tattara duka, suka zuba waƙa da rawa da barkwanci, har tsawon fim ɗin ya wuce awa uku.

Da farko masu sharhi sun kushe shi, kuma kasuwarsa ta yi sanyi a makonnin farko. Bakin ƴan kallo ne ya tashe shi. Daga baya ya shafe fiye da shekara biyar ana nuna shi a silimar Minerva ta Bombai, har aka buga faifan maganganun ƴan wasan, mutane suna saye suna saurare kamar waƙa. Amjad Khan, wanda ya fito a matsayin Gabbar, bai yi suna ba kafin nan, kuma ya samu gurbin ne saboda wanda aka fara zaɓa, Danny Denzongpa, yana wani aikin a Afganistan.

Zuwansa ƙasar Hausa

Tun shekarun 1950 ƴan kasuwa Lebanawa ke shigo da finafinan Indiya arewacin Najeriya, kuma a Nijar ma silimomin da ba su da rufi sun riƙa jera su tare da na kaboyi da na karate. Ƴan kallo sun mayar da ƴan wasan tamkar ƴan unguwa, har a Kano aka laƙaba wa Dharmendra «Sarkin Ƙarfi». Da kaset ɗin bidiyo ya yaɗu a shekarun 1980 da 1990, sai kallo ya koma zaure da rumfa, inda yaro zai biya ƴan sulalla ya zauna bisa benci ko tabarma. A can ne akasarin masu shekaru arba'in na yau suka haɗu da «Sholay». Wanda ya riga ya gani sau biyar shi ne tafinta, yana faɗa wa sauran abin da za a yi kafin a yi shi, washegari kuma a filin makaranta a raba gurabe, kowa yana son ya zama Jai ko Veeru.

Faɗa da harbi ba su isa su bayyana wannan ƙauna ba, domin finafinan Amurka ma suna da su. Abin da ya bambanta «Sholay» shi ne ɗabi'un da Bahaushe ya gane ba tare da fassara ba. Soyayyar Jai da Radha kusan babu magana a cikinta: shi yana busa ɗan abin kiɗansa na baki da dare, ita tana kashe fitilun gida ɗaya bayan ɗaya, sanye da fararen kaya. Wannan kunya ce tsantsa. Akwai kuma limamin ƙauyen, tsoho makaho, wanda ƴan fashi suka kashe ɗansa suka turo gawar bisa doki. Mutanen gari suka tsorata, suka nemi a miƙa baƙin nan biyu ga Gabbar, amma limamin da ya fi kowa asara shi ya hana, sannan da aka kira salla ya nufi masallaci. Sai kuma amana. Duk lokacin da za su yanke shawara, Jai yakan jefa sulalla sama, kuma kullum shi ke ci. Bayan ya tsaya shi kaɗai a bakin gada ya ba da ransa, sai Veeru ya gano cewa fuskokin sulallan biyu iri ɗaya ne, ashe da gangan Jai ya zaɓa wa kansa mutuwa domin abokinsa ya tsira.

Ƙarshen da hukuma ta sauya

Wani abin da ƴan kallon jiya da yawa ba su sani ba shi ne, ƙarshen da aka nuna a silima ba shi Ramesh Sippy ya fara ɗauka ba. A asali Thakur ne ke kashe Gabbar da takalmi mai ƙusoshi. To amma fim ɗin ya fito ne cikin dokar ta-ɓaci da Indira Gandhi ta kafa a Yuni 1975, kuma hukumar tace finafinai ba ta yarda a nuna tsohon ɗan sanda yana ɗaukar doka a hannunsa ba. Dole aka sake ɗauka, ƴan sanda suka iso suka tafi da Gabbar. Sai a Yuni 2025, shekara hamsin bayan haka, aka nuna kwafin da aka gyara, ɗauke da ƙarshensa na asali, a dandalin birnin Bolonya na Italiya. A watan Nuwamba na wannan shekarar Dharmendra ya rasu.

Kallon jiya da kallon yau

Yaron da ya yi tafi ga Gabbar a 1990 ya ɗauke shi kamar dodon tatsuniya. Magidancin da yaron ya zama ba zai iya yin haka ba. Ƴan bindigar da ke saukowa ƙauye su karɓi hatsi a matsayin haraji, da manoman da ke gardama tsakanin biya da turjiya, yanzu labari ne da aka sani a Zamfara, Katsina da Sakkwato, da kuma yankunan Madarunfa da Gidan Runji, kuma a 2019 dubban ƴan gudun hijira sun tsallako jihar Maraɗi saboda shi. Tambayar da ta raba Sippy da hukumar tace finafinai, wato ko ramuwa ta halatta ga wanda doka ta kasa karewa, ta zama tambayar da ake yi a majalisun gari.

Nijar tana da nata tsokaci kan irin wannan kallo, kuma ya riga «Sholay» da shekara tara. A 1966 Moustapha Alassane, wanda ya daɗe yana zaune a Tawa kafin rasuwarsa a 2015, ya yi «Le Retour d'un aventurier», tare da Djingarey Maïga da Zalika Souley. Saurayi ne ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, wasa ya rikiɗe ya zama fitina ga garinsu. Ke nan damuwar iyaye kan kwaikwayon abin da aka gani a allo ta girmi bidiyo, ta girmi wayar salula.

A nan malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu ke da aiki. Silimomin sun soma rufewa ɗaya bayan ɗaya tun shekarun 1990, musamman bayan karyewar darajar sefa a 1994, kuma masu sarrafa na'urar haskawa, masu sayar da tikiti da tafintocin zaure suna ta tsufa. Ya kamata a ɗauki bayanansu da Hausa tun suna raye, a tattara laƙabin da aka sa wa ƴan wasa da wasannin da yara suka ƙirƙiro daga finafinai, domin da wannan tarihi ne za a fahimci finafinan Hausa da suka fara fitowa a Kano a 1990. Malamin Hausa kuma yana iya nuna wa ɗalibansa «Sholay» da fim ɗin Alassane a mako guda, ya tambaye su wanne daga cikin ƙarshen nan biyu ya dace da Gabbar, kuma don me. Indiyawa sun ceto nasu fim ɗin bayan shekara hamsin. Na Alassane ya cika shekara sittin a 2026, kuma ɗalibai da dama na garin da ya zauna ba su taɓa ganinsa ba.