Lemun Tsami Ya Zo Kano, Amma Bai Shiga Tukunya Ba

A Silhet, lardin da ke arewa maso gabashin Bangaladash, akwai wani romon naman shanu da mutanen wurin ke tutiya da shi. Sirrinsa wani lemo ne mai kaurin ɓawo da suke kira shatkora. Sukan soya albasa da tafarnuwa da citta da kurkum da barkono da kirfa, su zuba nama ya dahu a hankali cikin ruwan jikinsa. Sai ya kusa nuna sannan su yanka lemon, su cire 'ya'yan da yawancin tsokar, su jefa ɓawon ya ƙarasa dahuwa tare da naman. Ƙanshi da ɗan ɗaci-ɗaci ake nema, domin su karya maiƙo. Idan hannu ya zarce, tukunyar ta tashi aiki.

Bakano da ya ji wannan zai ɗan yamutsa fuska. Mu ma muna da lemun tsami tun zamanin kakanni, muna wanke ƙarnin kifi da kaza da shi, muna matsa shi a shayi da kunu, muna sha da zuma idan mura ta kama. Amma ɓawon lemo a cikin miyar nama? Wannan ba ya cikin tsarin girkin cikin birni. Dalilin haka yana da tarihi, kuma tarihin ya fi girkin daɗi.

Asalin dangin lemo duka daga can yake. Binciken ƙwayoyin halitta da aka buga a mujallar Nature a 2018 ya nuna cewa mahaifarsu ita ce gindin tsaunukan Himalaya ta kudu maso gabas, wato yankin Assam da arewacin Bama da Yunnan ta Sin. Silhet tana maƙwabtaka da Assam. Shatkora na cikin wani reshe na lemon daji da masana ke kira papeda, ƙaramin lemun tsaminmu kuwa barbara ce tsakanin wani papeda da citron, wanda Larabawa ke kira utrujj. Ashe lemon da ake kasawa a bakin Kasuwar Kurmi ɗan uwa ne na jini ga wanda ke cikin tukunyar Silhet.

Musulmi ne suka ɗauko shi zuwa yamma. Al-Mas'udi, wanda ya rasu a 956, ya rubuta a Muruj al-Zahab cewa bayan shekara ta 300 ta Hijira aka kawo wasu irin lemo daga Indiya aka shuka a Oman, daga nan suka wuce Basra da sauran Iraƙi da Sham. Sunan ma ya bi wannan hanya: limun a Farisanci, laimun a Larabci, lemo ko lemu a bakinmu. Ko da wani zai ce ta gaɓar teku ya shigo a hannun Turawan Fotugal, kalmarsu ta limão ita ma daga Larabcin take.

Akwai mutum ɗaya da ya taka kusan dukan wannan hanya da ƙafarsa. Ibn Battuta ya ci shinkafa da nama tare da lemon da aka jiƙa a gishiri a Mogadishu wajen 1331. Wajen 1345 ya hau duwatsun Silhet ya ziyarci waliyyinsu Shah Jalal. A 1353 kuma ga shi a Takadda, a ƙasar Nijar ta yau, yana ba da labarin jan ƙarfen da ake kai wa Gobir. Duniyar da lemo ya yi yawo a cikinta ba ta kai faɗin da muke zato ba.

Kano ta shiga wannan duniya sosai a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), wanda Tarihin Kano ya ce shi ya kafa Kasuwar Kurmi. Fatake daga Gadamus da Tarabulus suka zauna a cikin ganuwa, har sunan unguwar Alfindiki ya fito daga kalmar Larabci ta masaukin fatake. Abin da suka bari a madafa ba kaɗan ba ne: alkama, albasa, gurasa, alkubus, alkaki, kanumfari, duk sunayensu na Larabci ne. Lokacin da Hugh Clapperton ya shigo Kano a Janairun 1824, ya lissafa lemun tsami cikin kayan marmarin da ya gani a kasuwa, tare da dabino da gwanda da kankana. Ke nan shekaru ɗari biyu da suka wuce lemo ba baƙo ba ne a birni.

To me ya hana shi shiga miya, alhali albasa da kanumfari sun shiga sun zauna daram?

Da farko dai, ya tarar an riga shi. Bahaushe bai rasa tsami ba. Yana da tsamiya, wadda sunanta ma daga tsamin yake, yana da yakuwa da soɓorodo, da garin 'ya'yan kuka, da nono. Dukansu na gida ne, kuma ban da nono duk ana busarwa a adana har shekara ta zagayo, lemo kuwa sai da lambu da ban ruwa. (Abin dariya shi ne, ita tsamiya 'yar Afirka ce da ta yi ƙaura zuwa Indiya tun da daɗewa, har Larabawa suka raɗa mata tamar hindi, dabinon Indiya. Mun aika musu da tsaminmu, sun aiko mana da nasu.)

Babban dalilin kuwa, a ganina, kanwa ce. Girkin tuwo da miya an gina shi a kanta. Ita ke laushin nama mai tauri da wake, ita ke riƙe koren ganye, ita ke fito da yauƙin kuɓewa da karkashi. Kanwa da tsami kuwa kishiyoyi ne, ɗaya na kashe ɗaya. Duk macen da ta iya miyar yakuwa ta san ɗan ruwan kanwar da ake ɗigawa don a kwantar da tsaminta, kuma duk wanda ya matsa lemo a miyar kuɓewa ya san yauƙin zai tsinke. Tuwo na son miyar da za ta rako loma ta wuce maƙogwaro sumul. Shinkafar Bangal kuwa romo take so mai maiƙo da kaifi, wanda zai ratsa ƙwayoyinta. Abincin da ake ci da miyar shi ya yanke wa lemo hukunci, ba ɗanɗanon mutane kaɗai ba.

Saboda haka lemo ya tsaya a bakin ƙofa: kafin girki wajen wanki, ko bayan an sauke. A Maroko kuwa, inda wasu hanyoyin ayari ke ƙarewa, ɓawon lemon da aka jiƙa a gishiri shi ne ran tajin na kaza. A ƙasashen Tekun Fasha busasshen lemo, lumi, ake jefawa cikin shinkafa da nama, kuma alhazanmu da yawa sun ci shi a kabsa ba tare da sun san sunansa ba.

Abin da ya sauya lissafin shi ne tumatir. Shi ma baƙo ne, daga nahiyar Amurka, amma ya sami abin da lemo bai samu ba. Bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani a Kadawa da Kura ya cika kasuwannin Kano da shi, a daidai lokacin da shinkafa ke ture tuwon dawa daga kwanon mutanen birni. Jar miya mai tsami-tsami ta zama ta kullum, har matan gida suka koma sa mata kanwa don rage kaifinta. Wato yanzu teburin Kano ya fi kowane lokaci kama da na Silhet: shinkafa, nama, romo mai mai. Lemo kuma tirela-tirela yake sauka a Kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa, mafi yawa daga Binuwai da kudancin ƙasar.

Wanda ke son gwadawa a farfesun Babbar Sallah sai ya tuna cewa ɓawon lemunmu siriri ne kuma farin cikinsa ya fi ɗaci. Koren saman kawai za a fere, na lemo ɗaya ga kilo guda na nama, a jefa minti goma kafin a sauke, ruwan kuma a matsa bayan an kashe wuta. Kada kanwa ta kusanci tukunyar.