Shin Manaja Ma Ɗan Ƙwadago Ne?

'Yan uwa tsofaffin ɗalibai, da yawa daga cikinmu daga ƙasa muka fara aiki, sannu a hankali muka zama shugabannin sashe ko manajoji. To, ranar da takardar ƙarin girma ta zo, ranar ce ƙungiyar ƙwadagon da mutum ya saba da ita kan ce ba ruwanta da shi. Wannan rabuwa tana da asali.

A 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa dokar soja mai lamba 22, ta narke ɗaruruwan ƙungiyoyi ta fitar da 42 a ƙarƙashin NLC, wadda Hassan Sunmonu ya fara shugabanta. Manyan ma'aikata kuwa aka ware musu nasu, aka kuma hana su shiga NLC. Hujjar hukuma ita ce wai mai duba aiki ba zai tsaya wa kamfani da safe ba, da la'asar kuma ya ja yajin aiki. Ni dai a ganina tsoron haɗuwar ƙarfi ne.

Mu nan Katsina mun ga abin da idonmu a Kamfanin Mulmula Ƙarafa da aka buɗe a 1982. Masu aikin injuna suna tasu ƙungiyar, injiniyoyi da shugabanninsu suna wata, alhali ƙofa ɗaya suke shiga. Haka ma a sakatariya bayan an ƙirƙiro jiha a 1987: daga mataki na 7 zuwa sama kai babba ne, ko da kuwa albashin bai kai ka ƙarshen wata.

Sai 1994 aka gane manyan ma suna da haƙora. PENGASSAN, ta manyan ma'aikatan man fetur, ta bi NUPENG yajin aiki kan soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993. Wanda ya kwana a layin mai a shekarar nan ba sai an ba shi labari ba. Cikin watan Agusta Janar Abacha ya rushe shugabancinsu. Babban sakataren PENGASSAN, Milton Dabibi, an tsare shi a 1996, bai fito ba sai 1998.

Uwar ƙungiyar manyan ma'aikata, wato TUC, ba ta sami rajista ba sai 2005, kuma Obasanjon nan dai ne ya sa wa dokar hannu. A lokacin kamfanin ƙarafan namu ya riga ya dushe. A 2006 aka sayar da shi ga kamfanin Dana.