Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: tarihin tsaunin Everest ta ɓangaren 'yan dako

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Waɗanda muke tare sun san tun da likita ya ce jinina ya fara hawa, kuma zaman kujera daga takwas zuwa huɗu ne ke neman kassara ni, na shiga wata ƙungiya ta masu hawa dutse. Duk Asabar bayan sallar asuba sai mu nufi duwatsun da ke bayan garin Abuja. Asabar ɗin da ta wuce mu goma sha huɗu muka hau. Wani yaro ɗan ƙauyen da ke gindin dutsen, bai fi shekara goma sha shida ba, shi ya nuna mana hanya. Da silifas ya hau, mu kuwa kowa da kambas ɗinsa mai tsada. Shi ya ɗauki katan ɗin ruwanmu a ka. Da numfashina ya sarƙe a wani hawa mai santsi, shi ya dawo ya karɓi jakata, ya miƙo min hannu. Da muka kai sama aka ba shi waya ya ɗauke mu hoto. Kun ga hoton, da yawanku ma har kun yi min jinjina.

Da daddare ina duba hoton sai na ƙirga mu: goma sha huɗu cif. Babu shi. Na tambaya a guruf ɗinmu ko akwai wanda ya riƙe sunan yaron. Shiru kake ji. An ba shi kuɗinsa, wannan gaskiya ne, amma ko ɗaya cikinmu bai tambaye shi sunansa ba, har da ni da ya kama wa hannu. Wallahi abin ya tsaya min a rai, domin tun da na fara wannan motsa jiki nake karance-karancen tarihin hawan tsaunuka, kuma wannan shi ne ainihin laifin da nake ganin Turawa sun yi a tsaunin Everest. Ashe ni ma zan iya.

Bari in ɗan ba ku tarihin.

Everest yana kan iyakar Nepal da yankin Tibet na Chaina, tsayinsa mita 8,848.86 bisa awon da ƙasashen biyu suka sanar a Disambar 2020. Don ku gane, Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. Sansanin da masu hawa Everest ke kafa tantunansu a gindi ta ɓangaren Nepal kaɗai ya haura mita 5,300. A ƙololuwa, iskar oksijin da mutum ke samu a numfashi ɗaya kusan kashi ɗaya cikin uku ce ta wadda yake samu a bakin teku. Daga mita 8,000 zuwa sama jikin ɗan Adam ba ya sabawa, ƙarewa kawai yake yi a hankali. Shi ya sa ake kiran wurin yankin mutuwa.

Rashin adalcin tun daga sunan ya fara. Mutanen Tibet sun daɗe suna kiransa Chomolungma, a Nepal kuma ana ce masa Sagarmatha. A 1852 wani ɗan Indiya masanin lissafi, Radhanath Sikdar, ma'aikaci a hukumar safiyo ta Turawan mulkin mallaka, shi ake jingina wa lissafin da ya nuna babu tsaunin da ya kai wannan tsayi a duniya. Amma da aka zo raɗin suna, shugaban hukumar Andrew Waugh sai ya ba da sunan tsohon maigidansa, George Everest, wanda ya yi ritaya tun 1843. Shi kansa Everest bai so ba, ya ce mutanen ƙasar ba za su iya furta sunan ba. Duk da haka aka tabbatar da shi a 1865. 'Yan uwana ma'aikatan gwamnati, wannan labari ai kun san irinsa.

Su kuwa Sherpa, da yawa suna zaton sunan sana'a ne. A'a, ƙabila ce. Ma'anar sunan ita ce mutanen gabas, domin daga gabashin Tibet kakanninsu suka yi ƙaura zuwa yankin Solukhumbu na Nepal wajen shekara ɗari biyar da suka wuce. Manoma ne, makiyaya, fatake. Hawa ƙololuwa ba al'adarsu ba ce, tsaunukan ma wurare ne masu tsarki a wurinsu. Neman na abinci ne ya kai su dakon kayan Turawa, su kuma Turawan suka lura cewa waɗannan mutane da aka haifa a kan tudu ba sa galabaita kamar su.

Turawan Birtaniya sun fara leƙen hanya a 1921. A shekarar da ta biyo, ranar 7 ga Yuni 1922, dusar ƙanƙara ta zaftaro ta binne 'yan dako bakwai. Su ne mutanen farko da tarihi ya rubuta mutuwarsu a Everest. Shekara biyu bayan haka, ranar 8 ga Yuni 1924, George Mallory da Andrew Irvine suka ɓata a kusa da ƙololuwa. A kan waɗannan biyun an rubuta littattafai ba adadi. Da aka gano gawar Mallory a 1999 duniya ta ɗauka, haka ma da aka tsinci takalmin Irvine a 2024. To ku gwada tambayar duk wani mai sha'awar tarihin nan ya kawo muku sunan mutum ɗaya cikin bakwai ɗin farko.

Sai 1953. Ayarin da Kanar John Hunt ya jagoranta ya tafi da 'yan dako sama da 350 da Sherpa kusan 20. Ranar 29 ga Mayu, ƙarfe 11:30 na safe, mutum biyu suka taka ƙololuwa: Edmund Hillary, mai kiwon zuma daga New Zealand, da Tenzing Norgay. Tenzing ba sabon shiga ba ne. Tun 1935 ya fara a matsayin ɗan dako, kuma wannan ce tafiyarsa ta bakwai zuwa Everest. A 1952 shi da Raymond Lambert ɗan Suwizalan sun kai kusan mita 8,600, inda babu wanda aka tabbatar ya taɓa kaiwa kafin su. Bai iya karatu da rubutu ba, amma yana jin harsuna da dama. Kuma tun a farkon tafiyar ta 1953, da Hillary ya zurma cikin wata tsagar ƙanƙara, Tenzing ne ya kafe gatarinsa ya riƙe igiya, ya ceci ransa.

Labarin nasarar ya bazu a Landan ranar 2 ga Yuni, ranar naɗin Sarauniya Elizabeth ta biyu. Aka ba Hunt da Hillary muƙamin Sir. Shi kuwa Tenzing aka ba shi lambar yabo ta George, wadda darajarta ba ta kai nan ba. Igiya ɗaya ta ɗaure su, sanyi ɗaya suka sha, amma da aka zo rabon girma sai aka tuna wane ne wane.

A nan dole in yi wa Hillary adalci, domin yabon gwani ya zama dole. Hoton nan da duniya ta sani, na mutum a ƙololuwa ya ɗaga gatari da tutoci, Tenzing ne a ciki. Hillary ne ya ɗauka, kuma shi ba shi da hoton kansa a can. Da 'yan jarida da 'yan siyasa suka matsa sai an faɗi wanda ya riga taka wurin, su biyun suka tsaya a kan cewa tare suka kai. Tenzing ne da kansa daga baya, a littafin tarihin rayuwarsa na 1955, ya ce Hillary ya riga shi ɗora ƙafa. Kuma Hillary bai kwashe suna ya tafi ba. A 1960 ya kafa gidauniyar Himalayan Trust, aka gina makaranta a ƙauyen Khumjung a 1961, aka bi da wasu makarantu da asibitoci. Filin jirgin Lukla da ya gina a 1964 yau sunan su biyun yake ɗauke da shi, kuma na Tenzing ne a gaba. Kun ga ke nan ba dole ba ne wanda aka ɗaga ya manta wanda ya ɗaga shi. Zaɓi ne.

Sai dai mutum ɗaya ba ya gyara tsari. A 1970 wani ɗan Japan, Yuichiro Miura, gwanin zamiya a kan dusar ƙanƙara, ya zamo daga wajen mita 8,000 da laima ɗaure a bayansa don rage gudu. Fim ɗin da aka yi a kan wannan bajinta har ya ci kyautar Oscar. Sherpa shida ne suka mutu a wannan tafiya. A 1975 Junko Tabei, ita ma 'yar Japan, ta zama mace ta farko da ta kai ƙololuwa, kuma ta cancanci duk yabon da aka yi mata. Amma kwana goma sha biyu kafin nan ƙanƙara ta binne ta a tantinta, Sherpa ne suka tono ta. A 1978 Reinhold Messner da Peter Habeler suka hau ba tare da tukunyar oksijin ba, sunansu ya zaga duniya. Ang Rita Sherpa ya yi haka sau goma tsakanin 1983 da 1996. Mu nawa ne muka taɓa jin sunansa?

Da hawan ya koma kasuwanci, sai nauyin ya ƙaru a kansu. Wanda ya biya dubban daloli yana so ya tarar da igiya a shimfiɗe, tanti a kafe, shayi da zafinsa. Wuri mafi haɗari a hanyar Nepal shi ne gangaren ƙanƙarar Khumbu, inda curin ƙanƙara masu girman bene ke motsi kullum, ana tsallake ramukansu a kan tsani. Baƙo yakan ratsa wurin sau kaɗan. Sherpa mai jigilar kaya yakan ratsa shi sau ashirin ko fiye a kaka ɗaya. Ranar 18 ga Afrilu 2014 ƙanƙara ta ɓallo a nan ta kashe 'yan Nepal 16, uku cikinsu ko gawarsu ba a samu ba. Tallafin farko da gwamnati ta yi wa kowane gida rufi 40,000 ne, wajen dala 400. Nan fa Sherpa suka ce a kai kasuwa. Suka ajiye aiki, kuma da suka ajiye, kusan kowa ya naɗe tantinsa ya koma gida. Ranar ce duniya ta ga ko wane ne ke riƙe da tsaunin. Bayan haka ne aka ƙara kuɗin inshorar rayuwarsu.

Yanzu abubuwa sun fara sauyawa. Hoton nan na 2019 da ya nuna mutane sun yi layi a kusa da ƙololuwa kamar masu jiran man fetur, ɗan Nepal ne ya ɗauka, Nirmal Purja. Kamfanonin 'yan ƙasar sun karɓe kaso mai yawa na harkar. Kami Rita Sherpa, wanda ya fara kaiwa ƙololuwa a 1994, ya kai karo na 31 a Mayun 2025. Amma wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne abin da ya faru ranar 16 ga Janairu 2021 a tsaunin K2, na biyu a tsayi a duniya, mita 8,611. Babu wanda ya taɓa hawansa a lokacin hunturu sai ranar, da 'yan Nepal goma suka yi. Da na gaba suka zo dab da ƙololuwa sai suka tsaya suka jira na baya, sannan suka taka tare suna rera taken ƙasarsu. Mutanen da aka shekara ɗari ana barin su a wajen hoto, da damar ta zo hannunsu ba su bar kowa a baya ba.

Kada mu ɗauka wannan labarin nesa ne. Mun karanta Heinrich Barth, Bajamushen da ya shigo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim. Amma mu nawa muka san Dorugu, yaron Bahaushe da ya yi masa hidima har Tumbuktu, ya bi shi Ingila a 1855 tare da Abbega? Shi Dorugu mun san shi ne kawai don an zauna an rubuta labarinsa daga bakinsa da Hausa. Sauran masu jan raƙuma da masu nuna rijiya fa?

Ni dai kusan shekara ashirin ke nan ina aikin gwamnati. Na san yadda takarda ke tafiya: ƙaramin ma'aikaci ya kwana yana tsara ta, mai buga rubutu ta gyara, masinja ya hau bene ya sauka da fayil, direba ya kai mu taro cikin dare, sannan a yaba wa wanda ya sa hannu. Lokacin da nake ƙasa abin yana min ciwo. Yanzu da na ɗan taka matsayi, ranar Asabar na gane ashe na fara mantawa.

Ba cewa nake kowa ya gina makaranta kamar Hillary ba. Amma tambayar suna ba ta cin ko sisi. Ka ce wane ne ya tsara wannan takarda a gaban darakta, ba ya rage maka komai. In kun fita yawon dutse ko daji, ku yi ciniki da ja-gabanku tun a ƙasa, ku biya shi daidai wahalarsa, ku raba kayan, kada a jibge wa yaro katan ɗin ruwa shi kaɗai.

Asabar mai zuwa in Allah Ya kai mu zan koma ƙauyen nan. Zan nemi yaron, in tambaye shi sunansa da ajin da yake, in ba shi haƙuri. Kuma in mun kai sama, ni zan riƙe wayar.

Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin waɗanda ke ƙarƙashinmu. Amin.