Wa Ya Ba Da Izinin Gina Shagon Nan?

'Yar uwa, na san kin taɓa jin irin wannan magana a tsakar gida ko a gidan biki: "Ai wance ta sai da gwal ɗinta ta sayi shago a sabuwar filaza, yanzu sai dai ta kwanta ta riƙa karɓar kuɗin haya." Nan da nan sai ki ga kowa ta yi shiru tana lissafi a zuci, wata ta tuna kwasar adashinta, wata ta tuna ɗan gadon da aka raba musu. Ni ban ga laifin wannan buri ba, don mace mai shago ta huta da roƙon kuɗin sabulu. Amma akwai tambayar da ba kasafai muke yi ba: filin da aka ɗora shagon na wane ne, kuma wa ya ce a gina? Zauna in ba ki tarihin wannan tambaya a birnin Kano.

Tun asali a ƙasar Hausa ba a kafa kasuwa da ka. Kasuwar Kurmi da muke zuwa sayen kayan ɗaki da lalle da turaren wuta, tarihi ya nuna a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa aka kafa ta, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ƙasa tana hannun sarki, shi ke cewa ga inda kasuwa za ta ci, sannan sarkin kasuwa ya nuna wa kowa inda zai kafa rumfarsa. Ba takarda, ba hatimi, sai shaidar mutane. In ka mutu ɗanka ya gaji rumfar, kowa ya san ta gidanku ce.

Da Turawa suka ci Kano a 1903 sai al'amari ya koma na takarda. A 1910 suka yi dokar da ta sa duk ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna, wai yana riƙe da ita ne don amfanin 'yan ƙasa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa da Kwarori suka biyo shi, aka yanka musu fulotai a bayan ganuwa suka gina kantuna. Sunan Kantin Kwari da kike zuwa sayen atamfa da leshi daga nan ya samo asali, wato kantunan Kwarori, 'yan Siriya da Labanan. Bayan samun mulkin kai aka ɗauko wani Bature masanin tsara birane mai suna Trevallion ya zana wa Kano tsarin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, inda aka ware wurin zama daban, wurin masana'antu daban, da filayen da za a bari fayau don jama'a su sha iska.

Dokar da ta fi shafar mu a yau ita ce ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa, Dokar Amfani da Ƙasa. A nan ina so ki kasa kunne da kyau. Dokar ta ce duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna a matsayin amana. Wanda aka ba fili a birni ba a sayar masa da ƙasar ba ne har abada, izinin zama aka ba shi, yawanci na shekara 99, da takardar shaida wadda aka fi sani da C of O. Kuma gwamna na da ikon soke wannan izini idan buƙatar jama'a ta taso, sai dai a biya mutum diyyar abin da ya gina. Wannan takarda ɗaya ke nan. Ta biyu ita ce izinin gini: mai fili zai kai zanen gininsa ga hukumar tsara birane, wadda iyayenmu suka sani da KASEPPA, daga baya ta koma KNUPDA, su duba ko wurin ya dace da shaguna, ko ginin bai ci titi ko magudanar ruwa ba, sannan su buga hatimi. Samun fili daban, samun izinin ɗora bene a kansa daban.

To a takarda komai ya tsaru. Sai dai Kano ta cika ta batse, kowane taku na ƙasa kusa da kasuwa ya zama zinariya. A zamanin gwamnatin Dakta Abdullahi Umar Ganduje, daga 2015 zuwa 2023, aka ɗauki hanyar ba 'yan kasuwa wasu filaye da tsofaffin gine-ginen gwamnati su gina. Akwai Otal ɗin Daula da ke kan titin Murtala Muhammad, otal ɗin gwamnati da ya tsufa ya lalace, aka yi yarjejeniya da wani kamfani ya sake gina wurin da sabon otal da shaguna. Akwai Sansanin Alhazai. Akwai kuma gefen Filin Idi na Ƙofar Mata, inda Sarkin Kano ke sallar Idi kafin hawan Sallah. Wanda ya san wurin ya san abin da ya ja ido: filin yana daf da Kantin Kwari da kasuwar Wambai, inda ko rumfar da ba ta fi tabarma biyu ba ake rububinta. Aka jera shaguna a gefen filin, benaye suka tashi, mutane suka saya, wasu suka kama haya suka zuba kaya.

Gwamnatin lokacin hujjarta ita ce wuraren sun zama kango ko juji, gara a raya su, 'yan kasuwa su sami wurin sana'a, jiha ta sami kuɗin shiga. Masu suka kuwa, ciki har da 'yan adawa na lokacin, cewa suke wannan dukiyar al'umma ce, filin Idi da harabar makaranta da ta asibiti ba abin yankawa a sayar ba ne. Ni dai a nawa ganin kowane ɓangare na da abin dubawa a maganarsa. Kango a tsakiyar gari ba ya amfanar kowa sai ɓata-gari, wannan gaskiya ne. Amma kuma garin da ba shi da fili ko ɗaya da mutum dubu za su tsaya sahu, ko yaro ya buga ƙwallo, shi ma ya zama kurkuku.

Aka yi zaɓe a watan Maris na 2023, Injiniya Abba Kabir Yusuf ya ci. Tun kafin a rantsar da shi ya fitar da sanarwar jan kunne cewa masu gini a filayen gwamnati su dakata. Wasu suka dakata, wasu suka ce ai muna da takardunmu, suka ci gaba. An rantsar da shi ranar 29 ga Mayu, ba a yi mako guda ba katafila ta fito. Aka fara da wani bene mai hawa uku mai shaguna 90 a Filin Sukuwa da ke unguwar Nasarawa, sannan sabon ginin Daula, da gine-ginen Sansanin Alhazai, da shagunan Filin Idi. Allah Sarki! Waɗanda suka ga abin ba za su manta ba: ƙura ta turnuƙe, matasa sun yi dafifi suna kwasar rodi da ƙofofi da tagogi, masu shaguna na ta kiciniyar fitar da abin da za su iya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Wanda ya sa hannu a takardar raba filin bai yi asarar ko bulo ɗaya ba. Wanda ya ba da umarnin rushewa shi ma haka. Asarar ta faɗa kan na ƙarshe a layi, wanda ya sayi shago ɗaya daga hannun wanda ya saya daga hannun mai ginin, ko ɗan hayar da ya biya kuɗin shekara. Kuma kin san yadda gidajenmu suke, shago ɗaya a kasuwa yakan riƙe tukunyar gida biyu ko uku, da kuɗin makarantar yara, da kayan ɗakin budurwa. In shago ya faɗi a Ƙofar Mata, a madafi ake fara jin ƙararsa. Da yawa masu sayen shago irin wannan abin da ke hannunsu bai wuce rasit da takardar ciniki da dillali ya rubuta ba, ba su taɓa ganin C of O na filin da idonsu ba, balle zanen da aka buga wa hatimi. Su kuma masu cikakkun takardu sun koyi cewa hatimin da wata gwamnati ta buga, wata na iya zuwa ta ce tun farko bai kamata a buga shi ba.

Masu shagunan Filin Idi ba su zauna ba. Suka haɗu a ƙarƙashin ƙungiyarsu suka kai ƙara Babbar Kotun Tarayya da ke Kano. A ƙarshen watan Satumba na 2023 kotun ta ce rushewar ta saɓa doka, ta umarci gwamnatin jiha ta biya su diyyar naira biliyan 30. Aka yi ta murna a kasuwa, amma hukunci a takarda daban, kuɗi a hannu daban. Aka ci gaba da ja-in-ja har maganar ta kai wata kotun a Abuja, inda a watan Disamba na shekarar ɓangarorin biyu suka sanar da cewa sun yi sulhu a kan naira biliyan 3, wato kashi ɗaya cikin goma na abin da alƙali ya yanke tun farko.