Tawada da Guba: Yadda Aka Fara Sa Ido Kan Cinikin Sinadarai

Akwai wani sinadari da masana ke kira tiyodigilaikol. Masu yin tawadar biro da masaƙu masu rinin tufafi sun daɗe suna sayensa ganga-ganga, ba wanda ya taɓa tsayar da su ya tambayi dalili. To amma wannan ruwa shi ne tushen gubar mastad, wadda sojojin Jamus suka fara amfani da ita a Beljiyam cikin 1917, mai salɓe fata, ta makantar da ido, ta ƙone huhu. Gangar da za ta tafi masaƙa da wadda za ta tafi ma'aikatar makamai kamanninsu ɗaya. Abin da ya raba su niyyar mai saye ce, ita kuwa niyya jami'in kwastan ba ya ganinta.

Yarjejeniyar Janeba ta 1925 ta hana amfani da guba a fagen fama, amma ba ta hana yin ta ko ajiye ta ba, balle cinikin kayan haɗa ta. Haka al'amarin ya zauna wajen shekara 60.

Yaƙin Iraƙi da Iran ne ya tona wannan giɓi. A watan Maris na 1984 masanan da Majalisar Ɗinkin Duniya ta aika Iran suka tabbatar an yi amfani da mastad da wata guba mai kashe jijiyoyi, watau tabun. Da aka bi sawu, sai aka tarar yawancin kayan haɗin a kasuwa Iraƙi ta saye su, daga hannun 'yan kasuwar ƙasashen waje. Amurka da wasu ƙasashen Turai suka yi maza suka ƙaƙaba dokar neman izini kafin fitar da wasu sinadarai. Sai dai kowace ƙasa da nata jerin, don haka wanda aka hana a wannan tashar jiragen ruwa sai ya zarce ta gaba. Ganin haka Ostireliya ta ba da shawarar a daidaita dokokin, ƙasashe 15 suka taru a Burusel cikin Yuni 1985. Daga nan aka sami abin da ake kira Rukunin Ostireliya. Ba yarjejeniya ba ce mai tilasta wa kowa, fahimtar juna ce tsakanin masu kayan: jeri ɗaya, da musayar labari kan masu sayen da ake tuhuma.

Shingen bai hana ɓaraka ba. Wani ɗan kasuwar Holan, Frans van Anraat, ya ci gaba da sayo tiyodigilaikol daga Amurka da Japan, yana zagayawa da shi ta wasu ƙasashe da takardun da suka ɓoye ainihin inda kayan za su, har ya kai wa Iraƙi fiye da tan 1,000. Ran 16 ga Maris 1988 jiragen saman Iraƙi suka zuba guba a garin Halabja na Kurdawa, mutane kimanin 5,000 suka hallaka.

Tuhuma kuma takan faɗa kan wanda bai ci ba bai sha ba. A 1993 Amurka ta ce wani jirgin ruwan Sin mai suna Yinhe yana ɗauke da tiyodigilaikol da wani sinadarin zuwa Iran. Jirgin ya yi makonni a kan teku an hana shi shiga tasha, daga bisani aka binciki kayansa kaf a Dammam ta Saudiyya, ba a sami kome ba. Amurka ba ta nemi afuwa ba. Irin wannan ne ya ƙarfafa kukan ƙasashe masu tasowa, cewa 'yan tsirarun ƙasashe masu arziki sun mai da kansu masu gadin ƙofa, alhali taki da maganin ƙwari da na asibiti duk sinadarai suke bukata. Kukan yana da ƙamshin gaskiya, ko da yake wasu daga cikin masu yin sa da biyu suke yi.

Yarjejeniyar haramta makamai masu guba, wadda aka sa wa hannu a Faris cikin Janairu 1993, ta kuma fara aiki ran 29 ga Afrilu 1997, ta kasa sinadarai gida uku gwargwadon haɗarinsu. Tiyodigilaikol ya faɗa gida na biyu, wanda tun 2000 aka haramta sayar da kayansa ga ƙasar da ba ta shiga yarjejeniyar ba. Duk da haka Rukunin Ostireliya bai watse ba, gardamar kuma ba ta mutu ba.

Shi kuwa van Anraat ya fake a Bagadaza har gwamnatin Saddam Husaini ta faɗi a 2003. Aka kama shi a Holan cikin 2004. Kotun birnin Heg ta wanke shi daga laifin taimaka wa kisan ƙare dangi, domin ba a tabbatar ya san da wannan niyya ba, amma ta ce ya san abin da za a yi da kayansa. Ta ɗaure shi shekara 15 a 2005 saboda hannu cikin laifukan yaƙi, kotun ɗaukaka ƙara ta mai da su 17 a 2007.