Kwalejin Fourah Bay: Malaman Mishan Da Suka Koma Ɗaukar Karatu Wurin 'Yantattun Bayi

A watan Fabrairun 1827 ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila, wadda aka fi sani da CMS, ta buɗe wata 'yar makaranta a gabashin Firitawun, babban birnin Saliyo, a bakin wani lungun teku da ake kira Fourah Bay. Burin ƙungiyar shi ne ta yaye malaman makaranta da masu wa'azi daga cikin baƙar fata, domin Turawan da take aikowa ba sa daɗewa zazzaɓi ke kwashe su. Tun kafin wannan lokaci Timbuktu da Katsina da Gazargamu sun yi suna wajen ilimi mai zurfi, amma a fagen boko Fourah Bay ce ta riga kowace jami'a a Afirka ta Yamma. Ta ba Ibadan da Legon tazarar fiye da shekara 120.

Wanda ya bi tarihin malaman wannan kwaleji zai ga wani abin mamaki. An aiko su ne su koyar da Ibrananci da Girkanci da tauhidin Kirista, amma abin da ya wanzar da sunayensu shi ne abin da suka rubuta daga bakin mutanen da aka sauko da su daga jiragen bayi.

Daga ina suka fito?

Yawancin malaman farko ba 'yan Ingila ba ne. Limaman Ingila masu digiri ba su yi ɗokin zuwa gaɓar da Turawa suka yi wa laƙabi da kabarinsu ba, sai CMS ta juya ga makarantun horar da 'yan mishan na Balin da Basel. Samarin da ke shiga makarantar Basel galibi 'ya'yan manoma ne da masu sana'ar hannu daga ƙauyukan kudancin Jamus, waɗanda suka saba da wahala, aka kuma gasa su a kan koyon harsuna. A daidai wannan zamani jami'o'in Jamus ne ke kan gaba a duniya wajen kwatanta harsuna da bin diddigin danginsu. Shugaban makarantar na farko, Charles Haensel, Bajamushe ne, haka ma da dama daga waɗanda suka biyo bayansa a aji.

Wanda ya tsayar da kwalejin da ƙafafunta kuwa baƙin Ba'amurke ne, Edward Jones. An haife shi a Charleston, mahaifinsa bawa ne da ya fanshi kansa har ya mallaki otal a garin. Jones ya gama Kwalejin Amherst a 1826, yana cikin baƙar fata na farko-farko da suka sami digiri a Amurka. Ya iso Saliyo a 1831, ya karɓi ragamar Fourah Bay a 1841, ya riƙe ta har ƙarshen shekarun 1850. A zamaninsa aka gina katafaren benen dutsen nan da aka aza harsashinsa a 1845. Gwamna William Fergusson, wanda shi ma jinin Afirka ne daga yankin Karibiyan, shi ya aza tubalin farko. Daga ajin Jones ne Africanus Horton ya fito, wanda ya zama likita a Edinbara a 1859.

Na uku cikin waɗannan malamai shi ne ɗan gida, ɗan Afirka. Samuel Ajayi Crowther Bayarabe ne daga Osogun, an kama shi yana yaro a 1821, jirgin yaƙin Ingila ya tare jirgin da ke ɗauke da shi a 1822. Sunansa ne na farko a rajistar ɗaliban Fourah Bay, daga baya ya koyar a nan. Ya buga ƙamus na Yarabanci a 1843, ya yi aiki a kan Ibo da Nufanci, ya zama bishop a 1864, ya kuma riƙa kai ziyara fadar Etsu Masaba a Bida.

Garin da ya tara harsuna

Abin da ya haɗa waɗannan mutane mabambanta shi ne garin da suka tsinci kansu a ciki. Bayan Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, jiragen yaƙinta suka shiga sintiri a teku, yawancin jiragen bayin da suka kama sai su jawo su Firitawun a saki mutanen ciki. Cikin shekara hamsin aka sauke dubun dubatar mutane, daga Senegal har Mozambik. Akwai Yarabawa da Ibo da Nufawa da Barebari da Hausawa da mutanen Kwango. Wanda ke son jin harsunan rabin nahiyar ba ya bukatar raƙumi ko jirgi, ya isa ya zagaya unguwanni da ƙauyukan bayan gari.

Sigismund Koelle ne ya fi kowa gane wannan dama. Ɗan Württemberg ne, ya yi Basel, ya kuma karanta Larabci a Tübingen wurin shahararren masanin nan Heinrich Ewald. Ya sauka Firitawun a ƙarshen 1847 domin ya koyar da harsunan Littafi Mai Tsarki da Larabci. Bayan an tashi daga aji sai ya sa a nemo masa mutum daga wata ƙabila, su zauna. Yana da jerin kalmomi da gajerun jimloli kusan 300, kuma kowa iri ɗaya yake tambaya: ɗaya, biyu, uku, uwa, uba, kunne, haƙori, wuta, ruwa, doya, akuya. Mutumin ya faɗa, Koelle ya maimaita, a gyara masa, sannan ya rubuta. Kafin su rabu sai ya juya ga tarihin baƙon nasa. Ina garinku? Waɗanne garuruwa ke maƙwabtaka da ku, kwana nawa ne tsakani? Yaya aka yi ka faɗa hannun masu bayi, yaƙi ne, ko sata, ko bashi, ko hukunci? Shekara nawa rabonka da gida? 'Yan garinku nawa ne a nan Saliyo?

Da haka ya zauna da mutum kusan 200. Sakamakon shi ne Polyglotta Africana, wanda aka buga a Landan a 1854, ƙaton littafi da ya jera harsuna fiye da 100 gefe da gefe, har Cibiyar Faransa ta ba shi lambar yabo ta Volney. Hausa na ciki, an kawo ta kashi biyu, ta Kano da ta Katsina.

Koelle bai tsaya a gari ba. A 1849 labari ya iso cewa mutanen Vai, a yankin da ke cikin Laberiya a yau, suna da rubutun kansu. Ya kama hanya ya je ya sami Momolu Duwalu Bukele, mutumin da ake danganta ƙirƙirar rubutun da shi, wanda ya shaida masa cewa a mafarki aka nuna masa. Rubutu ne mai alamomi wajen 200, kowace alama gaɓa guda.

Ali Eisami da Dorugu

Babban malamin Koelle shi ne Ali Eisami Gazirma, Babarbare ɗan malami daga lardin Gazir kusa da Birnin Gazargamu. Ya yi karatun allo a gida. A cikin rikicin da ya biyo bayan faɗuwar Gazargamu aka sace shi, aka bi da shi ta Kano da Katsina da Yawuri da Bargu har ƙasar Oyo. Da tawaye ya tashi a Ilori, aka ji bayi Musulmi suna gudu suna shiga, sai ubangidansa ya sayar da shi bakin teku. A 1818 aka sauke shi a Firitawun. Shekara talatin bayan haka, yana dattijo, ya shafe shekaru yana zama da Koelle. Daga wannan zama aka sami littafin nahawun Kanuri da kuma wani kundi na karin magana da tatsuniyoyi da labaran Borno, duka a 1854, tare da tarihin Ali Eisami da bakinsa.

Hausa kuwa ta faɗo a hannun James Frederick Schön, wani ɗan Basel ɗin da ke aiki a mishan ɗin Saliyo tun 1832. Shi da Crowther aka tura cikin ayarin jiragen ruwa uku da suka hau kogin Kwara a 1841. Tafiyar ba ta yi daɗi ba, domin zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40, amma Schön ya dawo da yaƙinin cewa Hausa ce harshen da zai kai mutum nesa a cikin ƙasa. A 1843 ya buga jerin kalmomin Hausa da ya tattara, yawanci daga Hausawan Saliyo. Rashin lafiya ta mayar da shi Ingila, sai ga sa'a ta biyo shi har gida. Matafiyin nan Heinrich Barth ya koma Turai a 1855 tare da samari biyu, Abbega da Dorugu. Dorugu Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram, shi ma an taɓa bautar da shi. Ya zauna gidan Schön yana ba shi labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa da tatsuniyoyi. Nahawun Hausa na 1862, da ƙamus na 1876, da Magana Hausa na 1885, duk sun sha daga wannan rijiya. Dorugu ya dawo gida daga baya, ya koyar a makarantar Ɗan Hausa a Nasarawar Kano, ya rasu a Kano a 1912.

A cikin kwalejin kanta, Charles Reichardt ya duƙufa a kan Fulatancin Futa Jalo, ya fitar da nahawunsa a 1876.

Babu amfanin a ɓoye manufarsu. Waɗannan malamai suna koyon harsuna ne domin su fassara Linjila su yi wa'azi, kuma Koelle, bayan ya koma aiki a Istanbul, ya rubuta littafi mai zafin suka ga Musulunci. Unguwar Fourah Bay kanta unguwar Musulmin Aku ce, 'yantattun Yarabawa, kuma zamansu da 'yan mishan da gwamnati bai rasa tsami ba. Sai dai niyyar mai rubutu daban, amfanin abin da ya rubuta daban.

Daga Durham zuwa Dutsen Aureol

A farkon shekarun 1870 Edward Blyden da James Johnson suka matsa lamba a kafa jami'ar Afirka ta Yamma wadda ba ta ƙarƙashin mishan. CMS ta amsa da nata salon: a 1876 ta haɗa Fourah Bay da Jami'ar Durham ta Ingila, ɗalibai suka fara samun digiri suna zaune a Firitawun. Ribar a fili take, amma ta zo da tsada. Manhajar Durham ta Latin ce da Girkanci da tauhidi, don haka binciken harsunan Afirka ya ja baya na tsawon lokaci. Cocin Methodist ya shigo cikin tafiyar da kwalejin a 1918. A lokacin yaƙin duniya na biyu sojoji suka karɓe ginin, aka kwashe ɗalibai zuwa Mabang, bayan yaƙi aka koma Dutsen Aureol inda take har yau. Sannu a hankali kuɗin gwamnati ya maye gurbin na mishan, ikon coci ya ragu. Kenneth Dike, wanda ya zama ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ibadan, ta nan ya bi.

Da 'yan ƙasa suka karɓi shugabanci, bincike ya faɗaɗa. Davidson Nicol, wanda ya hau kujera a 1960, likita ne masanin sinadaran jiki da ya yi aiki a Kambirij a kan insulin, sinadarin da ke da alaƙa da ciwon suga, yana kuma rubuta gajerun labarai da sunan Abioseh Nicol. Harry Sawyerr ya nazarci yadda Mende da Akan da Yarabawa suka fahimci Ubangiji, yana neman inda tauhidin Kirista zai iya magana da su. Arthur Porter ya rubuta tarihin al'ummar Kiriyo. Eldred Jones ya bi sawun baƙar fata a wasannin Shakespeare da na zamaninsa, ya kafa mujallar adabin Afirka a 1968, sannan shi da Clifford Fyle suka fitar da ƙamus na Kiriyo a 1980. Alaƙa da Durham ta ƙare a 1967, lokacin da kwalejin ta shiga cikin Jami'ar Saliyo.

A shekarun 1960 ne kuma aka dawo kan aikin Koelle. An sake buga Polyglotta a 1963 da gabatarwar masanin tarihi Paul Hair. A 1964 Philip Curtin da Jan Vansina suka ɗauki waɗancan 'yan bayanai da Koelle ya rubuta game da kowane mutum, suka yi amfani da su wajen gano yankunan da cinikin bayi ya fi ɗiba a ƙarni na 19. Tambayoyin da ya yi a matsayin share fage sun zama hujjar tarihi mai zaman kanta.

Yaƙin basasar Saliyo ya taɓa kwalejin ƙwarai, tsohon benen Jones ma wuta ta cinye shi a 1999. Littattafan dai suna nan a ɗakunan karatu, da yawansu ma a intanet. Sunayen Koelle da Schön ne a bango, amma Kanurin da ke ciki na Ali Eisami ne, Hausar kuma ta Dorugu ce da ta wasu Kanawa da Katsinawa da bauta ta jefa bakin teku. Ɗalibin harshe a Kano ko Maiduguri ko Damagaram da ke son sanin yadda kakanninsa ke magana shekara 170 da suka wuce yana da shaidu a rubuce, kuma ya fi waɗanda suka rubuta su kunnen gane abin da aka faɗa.